Bashin Karatu Ya Sa Masu Digiri A Amurka Sun Ƙaurace Wa Kantuna

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. To, amma na matasan Amurka ya fito fili, har ta kai masu manyan kantuna suna sa shi cikin lissafin cinikinsu.

A watan Oktoba na 2023 ne Gwamnatin Amurka ta koma karɓar biyan bashin karatu daga hannun mutane fiye da miliyan 40, bayan ta ɗaga musu ƙafa har shekara uku da rabi saboda annobar korona. Tun daga watan Maris na 2020 ba wanda aka matsa wa ya biya ko sisin kwabo, kuma ba a ɗora kuɗin ruwa a kan abin da ake binsu ba. Shekara uku da rabi kuwa ba kwana uku ba ne. Kuɗin da ada ake warewa kowane wata don biyan bashin sun riga sun sami wurin zama a cikin hidimar gida: wani ya koma ɗaki mai tsada, wani ya ɗauko mota, wata ta haihu, da yawa kuma tsadar abinci ce ta lashe nasu, domin a watan Yuni na 2022 hauhawar farashi a ƙasar ta kai kashi 9.1 cikin 100, abin da aka yi shekara arba'in ba a gani ba.

Da yawansu ma sun sa rai ba za su biya ba sam. Shugaba Joe Biden ya yi alkawarin yafe wa kowane mai ƙaramin ƙarfi dala 10,000, waɗanda suka fito daga gidajen talakawa kuma har dala 20,000. Ran 30 ga Yuni, 2023, Kotun Ƙolin ƙasar ta rushe wannan shiri, alƙalai 6 suka rinjayi 3, bisa hujjar cewa dokar da aka dogara da ita ba ta ba Gwamnati wannan iko ba. Sai murna ta koma ciki. Kafin ƙarshen watan Agusta, shugabannin manyan kantuna irin su Target da Macy's sun riga sun faɗa wa masu hannun jari cewa komawa biyan bashin zai ƙara matse aljihun masu saye.

YADDA BASHIN YA TARU

Mai karatu zai yi mamakin yadda ƙasar da ake yi wa kallon uwar arziki ta bar 'ya'yanta suna karatu da rance. Abin ya samo asali ne tun 1958, bayan da Rasha ta riga Amurka harba tauraron ɗan Adam, Gwamnati ta firgita ta fara ba ɗalibai rance don a sami masana kimiyya. A 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar ilmi mai zurfi wadda ta buɗe ƙofar ga kowa. Niyyar mai kyau ce, ɗan leburan da ba shi da gata shi ma ya shiga jami'a.

Sai dai kuɗin makaranta bai tsaya inda yake ba. Jihohi suka riƙa janye hannu daga ɗaukar nauyin jami'o'insu, musamman bayan karayar tattalin arziki ta 2008, jami'o'in kuma suka juye nauyin a kan ɗalibai. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, ɗan jiha da ya shiga jami'ar jiharsu yana biyan wajen dala 11,600 a shekara kuɗin karatu zalla, ban da ɗaki da abinci da littattafai. Jami'o'in da ba na Gwamnati ba kuwa sun haura dala 43,000. A ɗaya gefen, mafi ƙarancin ladan aiki na Gwamnatin Tarayyar ƙasar an tsayar da shi a dala 7.25 a sa'a tun 2009. Watau ba yadda za a yi yaro ya yi aikin hutu ya biya wa kansa makaranta kamar yadda kakanninsa suka yi.

A 2025 abin da Gwamnati ke bin tsofaffin ɗalibai da iyayensu ya kai wajen dala tiriliyan 1.6 (tiriliyan ɗaya ita ce miliyan sau miliyan), a wuyan mutum kusan miliyan 43. Kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin a kan mata yake.

Wani abin da ya sa wannan bashi ya bambanta da sauran shi ne, ba ya mutuwa da sauƙi. A Amurka wanda bashi ya yi wa katutu yana iya zuwa kotu a yi shelar ya karye, a raba abin da ya mallaka ga masu binsa, a yafe saura. Ɗan kasuwa na yin haka, wanda ya ci bashin banki ya yi sharholiya ma na yi. Amma tun daga 1976 Majalisa ta fara toshe wa ɗalibai wannan hanya, a 1998 ta ƙara tsanantawa, a 2005 kuma ta haɗa har da rancen karatu na bankuna. Sai wanda ya iya gamsar da alƙali cewa biyan zai jefa shi cikin ƙuncin da ya wuce kima, kuma kaɗan ne ke gwadawa.

SHEKARAR RUFE JAKA

Tun da ba hanyar gudu, sai mutane suka juya kan abin da ke hannunsu, watau sayayya. Dattawan da suka ga zamanin tsuke bakin aljihu na Shugaba Shagari a 1982 za su gane salon, sai dai wannan karon ba Gwamnati ce ta yi doka ba, kowa ya yi wa kansa.

Abin da ya fi yaɗuwa shi ne alwashin shekara guda ba saye. Mutum zai zauna a farkon Janairu ya ja layi a takarda. A gefe ɗaya ya rubuta abin da ya halatta wa kansa: abinci, magani, man mota, sabulu idan wanda ke gida ya ƙare ƙarƙaf. A ɗaya gefen ya jera abin da ya haramta: sababbin tufafi, takalma, kayan kwalliya, kayan ƙawata ɗaki, littattafan da za a iya arowa a laburare, abincin da ake kawowa har ƙofa. Mata da yawa kan fara da zazzage durowa su ƙirga abin da suka tara, sai mace ta tarar tana da jan baki goma sha, wasu ko buɗewa ba ta yi ba, ta yi alkawarin ba za ta sayi wani ba sai ta ga ƙasan kowanne.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1992 aka fara ware rana guda ta ƙin saye a birnin Vancouver na Kanada. A 2013 wasu mata biyu a tsibirin Bainbridge na Jihar Washington suka kafa tsarin da maƙwabta ke ba juna kaya kyauta, mai keken yaro da ya gama amfani da shi ya miƙa wa mai bukata, ba ciniki ba musaya. Wata 'yar Kanada mai suna Cait Flanders ta fitar da littafi a 2018 a kan yadda ta hana kanta saye bayan ta fita daga bashi. Abin da ya canja bayan 2023 shi ne yawan masu yi, da kuma cire kunya. A farkon 2024 aka yi ta yayi a TikTok na mutum ya fito ƙarara ya ce wa abokansa ba zai je cin abincin dare a otal ba, ba don ba shi da lafiya ba, a'a, don yana da bashin da yake biya. A ƙasar da ake auna mutum da abin da ya saya, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Masu digiri biyu suka koma shagunan gwanjo, irin su Goodwill, suna alfahari da rigar dala biyar. Mai zuwa Katangowa ko Yaba ranar buɗe dila zai ce ai mun daɗe a nan.

Akwai dalilin da ya sa sai an yi wa kai doka mai tsanani haka. Kasuwa a can ta bar titi ta shiga aljihu. Tun 1999 kamfanin Amazon ya yi rajistar dabarar saye da latsawa ɗaya, ba sai ka sake rubuta lambar kati ba. Wayar da mutum ke kwana da ita ta san abin da ya kalla jiya, gobe za ta sake nuna masa da ragi. Ga kuma kamfanonin ɗauki yanzu ka biya daga baya, irin su Klarna da Afterpay da Affirm, waɗanda ke raba kuɗin kaya gida huɗu, takalmin dala 120 ya koma kamar na dala 30. A watan Maris na 2025 har abincin da ake kai wa mutum gida aka fara ba da damar a biya shi kashi-kashi, bayan yarjejeniyar Klarna da DoorDash. Shi ya sa dokokin masu alwashin suka fi kama da na mai gudun jaraba: goge manhajar kanti daga waya, cire lambar kati, soke saƙonnin talla, kuma duk abin da rai ya biya a rubuta shi a jira kwana 30. Yawanci kafin wa'adin ya cika sha'awar ta tafi.

LISSAFIN DA KE ƘASA

To, shin wannan wahala tana biyan bukata? A nan sai an ɗauki alƙalami.

A ɗauki misalin malamar firamare da ta gama jami'a da bashin dala 30,000, abin da ya yi kusa da iyakar dala 31,000 da Gwamnati ke ba ɗalibin digirin farko da ke ƙarƙashin iyayensa. A ce kuɗin ruwan kashi 6.5 cikin 100 ne a shekara, kusan daidai da kashi 6.53 da aka yanka wa waɗanda suka karɓa a 2024. Bisa tsarin biya na shekara 10 da aka daɗe ana bi, za ta riƙa ba da wajen dala 341 kowane wata. A watan farko, dala 162 daga ciki kuɗin ruwa ne, uwar kuɗin ba ta ragu da komai ba sai dala 178. In ta cika wata 120 ba fashi, ta biya kusan dala 40,900 ke nan, watau ta ɗora kusan dala 10,900 a kan abin da ta ranta.

Kuɗin ruwan nan kullum ake lissafa shi. A farkon biya, kowace safiya bashin na ƙaruwa da dala 5 da 'yan kai, kusan kuɗin kofin gahawa ɗaya a shagunan birni. Ko ta sha ko ba ta sha ba, bashin ya sha nasa.

Yanzu a ce ta rufe jaka, ta daina sayen tufafi da kayan kwalliya, tana tafiya da abincinta makaranta, ta samu rarar dala 100 a wata ta ɗora a kan biyan. Maimakon shekara 10, za ta gama a cikin shekara 7 da wata biyu, kuma kuɗin ruwan da za ta biya zai ragu da fiye da dala 3,300. Wannan riba ce ta gaske, ba wanda zai raina ta. Sai dai a lura, shekara bakwai za ta yi tana wannan kamun kai, ba shekara ɗaya ba. Alwashin Janairu kuwa kowa ya san inda yake kwana.

Akwai kuma wani tarko. Tun 2007 akwai dokar da ta ce wanda ya yi wa Gwamnati ko ƙungiyar agaji aiki, ya kuma biya sau 120, za a yafe masa abin da ya saura. An daɗe ana wahalar da masu nema, amma zuwa Oktoba na 2024 waɗanda aka yafe wa ta wannan hanya sun haura miliyan ɗaya. Malamar nan tana cikin waɗanda dokar ta shafa. Idan ta shiga tsarin da ake yanka biya daidai da albashi, abin da za ta riƙa bayarwa a wata zai iya yin ƙasa da dala 341, sauran kuma a share bayan shekara 10. In haka ne, duk dalar da ta hana kanta ta ɗora a kan bashin, kyauta ta yi wa baitulmali. Mutum biyu masu bashi iri ɗaya, ɗaya ƙarin biya ya cece shi, ɗaya kuma asara ya yi, bambancin kawai wa ya karanta takardar da ya sa wa hannu.

GAHAWA KO KUƊIN HAYA?

Wannan lissafi shi ne tushen wata gardama da aka daɗe ana yi a Amurka. Ɓangare ɗaya na cewa ƙananan kashe-kashe ne ke talauta matasa. Wani marubuci mai suna David Bach ya yi suna da cewa kuɗin gahawar kullum, in aka tara aka juya, za su zama dukiya kafin tsufa. A 2017 wani attajirin gine-gine na Ostareliya, Tim Gurner, ya faɗa a talabijin cewa matasa ba za su mallaki gida ba muddin suna kashe kuɗi a kan burodi da fiya da gahawa mai tsada. Maganar ta zagaya duniya, matasa kuma ba su yafe masa ba.

Ɗaya ɓangaren shi ne na Elizabeth Warren, wadda ta koyar da dokar karayar arziki a Jami'ar Harvard kafin ta zama sanata. A littafin da ta rubuta da 'yarta a 2003 ta nuna cewa iyalan Amurka ba a kan tufafi da kayan daɗi suke karyewa ba, abin da suke kashewa a kan sutura da abinci ma ya ragu in aka gwada da na iyayensu. Manyan abubuwan da ba a iya tsallakewa su ne matsalar: gida, asibiti, mota, renon yara, makaranta. Alƙaluman baya-bayan nan sun goyi bayanta, domin cibiyar nazarin gidaje ta Harvard ta gano cewa a 2022 rabin masu haya a ƙasar suna ba da fiye da kashi 30 cikin 100 na abin da suke samu ga haya da wuta da ruwa. Abinci ma bai bar su ba, a watan Maris na 2025 ƙwai 12 sun haura dala 6.

Gaskiyar magana, Warren ta fi kusa da daidai, ko da yake masu gahawa ba su yi ƙarya duka ba. Wanda ya koma ɗakin iyayensa shekara biyu, ko ya haɗa haya da aboki, ko ya ci gaba da lallaɓa tsohuwar motarsa, zai tara a wata ɗaya abin da mai ƙin gahawa zai yi wata biyar bai tara ba. Amfanin rufe jaka na gaskiya yana wani wuri dabam, wurin da ba a cika magana a kai ba, watau katin bashi.

A tsakiyar 2023 bashin da ke kan katunan Amurkawa ya haura dala tiriliyan ɗaya a karon farko, kamar yadda reshen Babban Bankin ƙasar na New York ya bayyana. Kuɗin ruwan kati kuwa ya wuce kashi 20 cikin 100 a shekara. Dala 5,000 a kan kati mai kashi 22 na haifar da dala 1,100 a shekara, alhali dala 5,000 ta bashin karatu mai kashi 6.5 dala 325 kawai take haifarwa. Abin da ke faruwa da mutane da yawa shi ne, albashi ya shigo, a cire haya, a cire bashin karatu, abin da ya rage bai kai ƙarshen wata ba, sai a cike da kati. A takarda suna biyan bashin karatu ba fashi, a zahiri kuwa suna sauya bashi mai sauƙi da mai tsada ne, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Mai irin wannan hali in ya daina saye, ba bashin karatun yake kashewa ba tukuna, ramin da ke gefensa yake hana shi zurfi. Wannan kaɗai ya isa dalili.

Duk wannan zance na waɗanda ke da abin ragewa ne. Akwai miliyoyin da ba su da jan baki goma balle su ƙirga, musamman waɗanda suka ci bashin amma ba su kammala karatun ba, ga bashi ba digiri. Bayan an koma biya, Gwamnati ta ba da shekara guda ta sassauci wadda ta ƙare ran 30 ga Satumba, 2024. Daga nan duk wanda ya yi kwana 90 bai biya ba ana kai sunansa ga hukumomin da ke auna amanar masu cin bashi, makinsa ya faɗi, makin da ake dubawa kafin a ba mutum hayar ɗaki ko rancen mota. Wanda ya kai kwana 270 an sa shi a jerin waɗanda suka gaza, kuma doka ta ba Gwamnati ikon riƙe rarar harajinsa da yankar har kashi 15 cikin 100 na albashinsa ba tare da zuwa kotu ba. A watan Afrilu na 2025 Ma'aikatar Ilmi ta ce mutum fiye da miliyan 5 ke cikin wannan jeri.

ABIN DA YA SHAFI 'YAN GIDA

Labarin nan da a da ne sai a ce na Turawa ne. Yanzu kuwa ya iso ƙofar mai sayar da tumatir a Mile 12 da ɗan canji a Sabo ta Ibadan da mahaucin Agege, domin 'ya'yansu da ƙannensu da ke jami'a sun fara cin bashin karatu.

Ba wannan ne karon farko ba. Gwamnatin Janar Gowon ta kafa hukumar ba ɗalibai rance a 1972, ta durƙushe saboda yawancin waɗanda suka karɓa ba su mayar ba. A 1993 aka yi dokar kafa Bankin Ilmi, shi ma bai je ko'ina ba. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar doka ran 12 ga Yuni, 2023, makonni biyu bayan janye tallafin man fetur, a daidai lokacin da jami'o'in Tarayya irin su ta Legas da Bayero ta Kano suka ninka kuɗin rajista. Sharuɗɗan dokar sun yi tsauri, har da neman masu tsaya wa ɗalibi, sai aka soke ta aka yi wata ran 3 ga Afrilu, 2024, wadda ta cire wannan sharaɗi. Asusun NELFUND ya fara karɓar takardun nema ran 24 ga Mayu na wannan shekarar. Ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ɗalibin da ya nema kuma a ba shi Naira 20,000 a wata na ɗawainiya. Ɗaliban jami'o'in Arewa, irin su ta Maiduguri da Bayero, suna cikin waɗanda suka fi nema.

Babban bambanci da na Amurka shi ne, wannan rance ba shi da kuɗin ruwa, abin da ya kwantar wa iyaye da yawa da hankali ta fuskar addini. Ba a fara neman biya sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa, sannan a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi daga wurin aiki, mai sana'ar kansa kuma ya ba da kashi 10 na ribarsa. Wanda bai sami aiki ba yana iya rantsuwa a rubuce a ƙara masa lokaci, amma wanda ya yi rantsuwar ƙarya dokar ta tanadar masa ɗaurin shekara 3. In mutum ya rasu an yafe.

Wannan ya juya lissafin malamar Amurka kai a ƙasa. A ce yaro ya fita jami'a da bashin Naira miliyan 1.2. In ya sami aikin Naira 150,000 a wata, za a riƙa cire 15,000, ya gama cikin wata 80, watau shekara 6 da wata 8. In albashin Naira 70,000 ne, mafi ƙarancin da aka amince da shi a Yulin 2024, to 7,000 za a cire, ya shekara 14 da ɗoriya yana biya. Amma ko shekara nawa ya ɗauka, miliyan 1.2 ɗin nan ba za ta ƙaru da kwabo ba, alhali darajar Naira na zaizayewa, a Disamban 2024 ma hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Bashin malamar Amurka kullum ƙiba yake, na ɗan Nijeriya kuwa ramewa yake da kansa. Saboda haka babu hikima yaro ya hana kansa abinci, ko ya taɓa jarin uwarsa, don ya yi gaggawar sauke shi.

Inda darasin Amurka ya zauna daram shi ne wajen bashi na biyu. Katin bashi bai yaɗu a nan ba, amma akwai ƙanensa, watau manhajojin ba da rance ta waya, masu ba da kuɗi cikin minti biyar da ruwa mai nauyi a kan 'yan makonni, in an makara kuma su aika wa duk lambobin da ke wayar mutum saƙon cin mutunci. Abin ya yi ƙamari har hukumar kare haƙƙin masu saye ta Tarayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Ikeja a watan Maris na 2022. Matashin da aka cire wa kashi 10 tun kafin albashi ya iso hannunsa, ga hayar Legas da ake biya ta shekara guda dunƙule, ga motar zuwa aiki, ga na gida suna jiran aike tun da an ce ya fara aiki a Kudu, shi ne irin wanda waɗannan manhajoji ke farauta. Abin da zai tura shi hannunsu kuwa ba gahawa ba ce. Anko ne na bikin aboki, da ɗinkin Sallah, da sabuwar waya don kada a raina shi in ya je gida, da lefen da ake auna shi da na maƙwabta. Ba'amurke shi kaɗai yake yanke shawarar rufe jakarsa. A nan kuwa jakar saurayi ba tasa ba ce shi kaɗai, in iyaye da dangi ba su san akwai kashi 10 da ke fita ba, za su ci gaba da yi masa lissafi da cikakken albashi.

Akwai ɗan lokaci kafin a kai can. Ɗalibin da ya karɓi rancen a 2024 yana ajin ƙarshe, ya fita a 2025, ya yi shekara guda yana bautar ƙasa a kan alawus na Naira 77,000 da aka fara biya a watan Maris na 2025, sannan aka ƙirga masa shekara biyun da doka ta ba shi, ba za a fara taɓa albashinsa ba sai wajen 2028. Waɗanda suka karɓa suna ajin farko kuwa sai bayan 2030.